Talla a Jikin Jirgin Metro: Cikakken Lulluɓi, Rabi, Sitika ko Fenti?

Duk wanda ya zauna da dillalin talla don sayen wuri a jikin jirgin ƙasa na cikin birni ya san yadda zaman yake kasancewa. Za a nuna maka hoton jirgi lulluɓe da launin wani kamfani tun daga goshi har ƙarshen taragon baya, an ɗauke shi da hantsi yana kan gada, sannan a turo maka takardar farashi mai hawa-hawa: a rufe jirgin gaba ɗaya, a rufe jiki a bar tagogi, a liƙa sitika a gefe, a ɗauki ƙofofi kaɗai, ko a yi fenti. Hoton yana jan zuciya zuwa mafi tsada. Ni kuwa a ganina girman tallar ba shi ne abin da za a fara yanke shawara a kai ba. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne inda jirgin yake bi, da inda mutum zai tsaya ya gan shi. Da zarar ka san wannan, wasu daga cikin zaɓuɓɓukan za su zube da kansu.

Abubuwan da za a auna

Na farko, kuma mafi nauyi: wa zai gani, daga ina, kuma na tsawon wane lokaci. Jirgin da ke bin gadar sama, irin na Shikago, ko BTS na Bankok da aka buɗe a 1999, ko mafi yawan layin Dubai da ya fara aiki a 2009, yana ratsawa ta saman mutanen da watakila ba su taɓa shiga jirgi ba: direbobin da cunkoso ya tsare, masu tafiya a ƙasa, ma'aikatan da ke benaye. Jirgin da ke cikin rami kuwa, tsakanin tasha da tasha babu mai kallonsa sai bangon siminti. Masu ganinsa su ne waɗanda ke tsaye a dandamali. Zai shigo da gudu, ya tsaya kamar rabin minti, ya buɗe ƙofofi, ya wuce. A cikin rabin mintin nan ma hankalin kowa yana kan neman wurin shiga.

Sai wani abu da ba a cika ambata wa mai saye ba, wato shingen gilashi mai ƙofofi da ake yi a bakin dandamali don kada wani ya faɗa kan dogo. Singafo ta sa shi a tashoshinta na ƙarƙashin ƙasa tun 1987. Layi na 14 na Faris da shi aka buɗe shi a 1998, haka sabon ɓangaren layin Jubilee na Landan a 1999, haka tashoshin tsakiya na layin Elizabeth a 2022, kuma Hong Kong ta bi tsofaffin tashoshinta ta ƙara musu. A wasu tashoshin Saint Petersburg, tun daga 1961, ba gilashi ba ne ma, bango ne sosai mai ƙofofin ƙarfe, fasinja ba ya ganin jirgin ko kaɗan sai cikinsa. Shinge mai tsayi har rufi yana sa a ga tallarka ta bayan gilashi da ginshiƙai da walƙiyar fitilu. Mai rabin tsayi, irin wanda ya yawaita a Tokiyo, yana ɓoye daidai ƙasan taga, wurin da aka fi sayar wa masu talla. Tashoshin Dubai ma suna da wannan shinge, amma da yake jirgin yana tafiya a sarari gefen titin Sheikh Zayed, masu kallonsa suna waje ne, ba a dandamali ba.

A ƙarƙashin wannan ma'aunin akwai lissafin da ya kamata ka yi da kanka. Za a ba ka adadin fasinjojin layin gaba ɗaya, amma kai jirgi ɗaya ko biyu kake saya. A ce layi yana da jirage 40, kai ka lulluɓe ɗaya. Ma'aikacin da ke hawa sau biyu a rana, zuwa da dawowa, zai dace da naka kamar sau ɗaya a kwana 20, ban da hangen da zai yi masa yana wucewa a ɗaya dogon. Wannan shi ya sa ɗan gajeren layin nan na New York da ke zirga-zirga tsakanin Times Square da Grand Central ya yi suna wajen lulluɓi tun 2008: tashoshi biyu ne kacal, tafiyar ba ta kai minti biyu ba, jiragen ƙalilan ne, don haka kusan duk wanda ya hau sai ya ci karo da tallar.

Na biyu, kuɗi. Aljihu uku suke fita: hayar wurin, wadda akan lissafa makonni biyu-biyu ko huɗu-huɗu, bugun hoton, da ladan liƙawa da cirewa. Haya tana ƙaruwa da tsawon lokaci, amma sauran biyun sau ɗaya ake biya, ko tallar ta yi wata ɗaya ko ta yi shekara. Taragon metro yakan kai mita 16 zuwa 23 a tsawo. Ɗauki mai mita 20, a ce faɗin wurin liƙawa daga ƙasa zuwa sama mita 2 ne: gefe ɗaya murabba'in mita 40, gefe biyu 80, jirgi mai tarago shida 480. Duk wannan sai an buga, an shimfiɗa masa kariya, an liƙa da hannu, daga baya an ɓanɓare da hannu.

Na uku, ƙarko. Jikin jirgi ba allon bakin titi ba ne. Ana tura shi cikin injin wanki mai burushi da sabulu mai ƙarfi, ƙurar ƙarfe daga birki da dogo tana manne masa, iskar rami tana bugun bakin leda, in kuma a sama yake rana tana cin launi, musamman ja da ruwan ɗorawa.

Na huɗu, sauƙi: yawan izinin da za a nema, da tsawon lokacin da za a cire jirgin daga aiki. Hukumar jirgi tana samun kuɗinta na ainihi daga ɗaukar mutane ne, talla ƙari ce, saboda haka a garejinta sai dai ka bi layi bayan masu gyara.

Na biyar, haɗari: doka, gobara, fushin jama'a, da lalacewar tallar a idon duniya.

Kafin a shiga zaɓuɓɓukan, a san ledar kanta, domin huɗu daga cikinsu da ita ake yi. Leda ce ta binil mai gam a baya, kuma iri biyu ce. Akwai wadda ake zubawa a narke ta daskare sirit, kaurinta kamar maikiron 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita. Tana bin lanƙwasa da kan kusa da jikin ƙarfe mai gurgura, ba ta tsukewa, tana yin shekaru, kuma ta fi tsada. Akwai wadda ake murzawa tsakanin manyan nadi har ta yi faɗi. Ta fi kauri da araha, amma kullum tana son komawa yadda take, sai ka ga bakinta ya ja baya ya bar layin gam yana kwasar datti. Kamfanonin 3M da Avery Dennison da Orafol duk suna yin iri biyun. In takardar farashi ba ta faɗi wace za a sa ba, tambaya kafin ka kwatanta ta da wata.

Cikakken lulluɓi, har da tagogi

Wannan shi ne na cikin hoton dillali. Jirgin ya zama talla guda, ana hango shi daga nesa, mutane suna ɗaukar hotonsa da waya suna yaɗawa, kuma wannan yaɗawar tana cikin abin da kake biya.

Kuɗinsa ya fi na kowane irin aikin leda, kuma kason bugu da liƙawa yana da girma ƙwarai. Shi ya sa yin sa na makonni huɗu kawai yakan zama asara, sai dai in wani babban abu ne ake ƙaddamarwa wanda ranarsa ba ta jira. In an raba kuɗin aikin a kan wata shida ko shekara, lissafin yana yin sauƙi.

Wurin da yake da rauni shi ne tagogi. Ana rufe su da leda mai ƙananan huji, wadda kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari nata rami ne, bayanta baƙi. Na waje yana ganin hoto, na ciki yana ganin waje ta hujin. Da rana kuma cikin rani abin yana aiki. In ruwan sama ya sauka, ɗigon yana cika hujin, tagar ta dushe, sai in an shimfiɗa mata wata leda mai haske a sama, wanda ƙarin kuɗi ne. Da dare ko a cikin rami, inda fitilar ciki ta fi ta waje ƙarfi, hoton yana disashewa, sai a riƙa ganin fasinjoji ta cikinsa. Wato a layin ƙarƙashin ƙasa kana biyan kuɗin tagogi ne don hoton da ba zai fito yadda aka zana shi ba. Ita ce kuma ke fara lalacewa, tun jikin taragon yana sabo fil.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Fasinja yana buƙatar tagarsa. Da ita yake karanta sunan tasha, da ita baƙo yake gane inda ya iso, da ita tsoho ko mai raunin gani yake shirin sauka. Da ita kuma na dandamali yake leƙa tarago ya ga ko akwai wuri, ko kuma, cikin dare, ya ga su wane ne a ciki kafin ya shiga. Mace mai komawa gida ita kaɗai tana yin wannan leƙen, kuma haƙƙinta ne. Mutumin da ya biya kuɗin tafiya bai kamata a rage masa haske don a sayar wa wani da ke waje kaya ba. Hukumomi da dama suna ƙayyade yawan tagar da za a rufe ko su hana sam, kuma ina ganin sun yi daidai.

Wajen izini nan ne aka fi shan wahala. Lambar tarago, fitilu, alamar ƙofar gaggawa, alamar keken guragu, da alamar taragon mata a biranen da ke da shi kamar Delhi, Dubai, Alkahira da Tokiyo, duk ba a rufe su. A Birtaniya dokar sauƙaƙa shiga jirgi ga masu naƙasa, tun ta 1998, ta wajabta launin ƙofa ya bambanta da na jikin tarago, kamar yadda ake ganin jajayen ƙofofi a farin jikin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan. Mai zanen da bai san wannan ba zai kawo hoto mai kyau, a dawo masa da shi. Ledar kanta sai ta cika sharuɗɗan gobara da hayaƙi, EN 45545 a Turai, NFPA 130 a Amurka. Wannan ba tsaurin banza ba ne. Gobarar jirgin Daegu a Koriya ta Kudu, a Fabrairun 2003, ta kashe mutum 192, kuma kayan taragon masu ci da wuta da hayaƙinsu suna cikin abin da ya yawaita mutuwar. Leda mai araha da ba ta da takardar gwaji ba za ta shiga rami ba.

Haɗarin suna ma ya fi girma a nan, don abin da ya fi fitowa fili shi ya fi jawo magana. A Nuwamban 2015 an lulluɓe kujerun wancan gajeren layin na New York da tallar wani shirin talabijin na Amazon, mai alamu irin na Jamus ta 'yan Nazi da Japan ta zamanin yaƙi. Magajin gari Bill de Blasio da gwamna Andrew Cuomo suka nuna ƙin amincewa, aka cire ta kafin wa'adinta. Fasinja ba shi da hanyar kauce wa jirgin da ya zo masa, shi ya sa abin da zai wuce a mujalla ba lallai ya wuce a nan ba.

Lulluɓin jiki, tagogi a buɗe

Nan ake rufe ƙarfen duka, ƙasan taga da samanta da tsakaninta, a bar gilashi. Daga nesa bambancinsa da cikakken lulluɓi kaɗan ne, domin abin da ido ke kamawa a jirgi mai gudu launi ne da babban tambari, ba ƙananan bayanai ba. Kuɗinsa ya ragu, ɓangaren da ya fi saurin lalacewa ya fita, izini ya yi sauƙi, kuma babu fasinjan da zai yi ƙorafi. In da ledar zubi aka yi, da kariya a sama, zai yi shekara yana da kyan gani.

Wahalarsa tana wajen zane. Tagogi suna yanka hoton gunduwa-gunduwa, don haka fuskar mutum ko doguwar jimla ba za su zauna ba. Ƙofofi ma suna da nasu halin: a wasu jirage suna shigewa cikin bangon tarago in sun buɗe, abin da ke jikinsu ya ɓace, a wasu, kamar na Landan, a waje suke rataye, in sun buɗe sai su rufe abin da ke gefensu. Kuma lokacin da ƙofa ke buɗe shi ne daidai lokacin da jirgin ke tsaye ana iya karatu. Ga kuma cewa jirgi yana tafiya gaba da baya. Jimlar da aka shimfiɗa a kan tarago shida za ta iso wa mai kallo daga farko in jirgin ya nufi gabas, daga ƙarshe in ya nufi yamma. Maganin shi ne kowane tarago ya ɗauki saƙon cikakke shi kaɗai: suna, launi, kalma uku ko huɗu.

A cikin dukkan zaɓuɓɓukan, wannan ne na fi ganin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, muddin layin yana fitowa sarari.

Sitika a gefe

Faifan leda ne masu girman da hukuma ta ƙayyade, ana liƙa su ƙasan taga ko tsakanin ƙofa da ƙofa. A wasu birane ma iyakar abin da doka ta yarda ke nan. Dokar tallar waje ta Tokiyo ta taƙaita tallar jikin jirgin ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin goma na fuskar tarago, shi ya sa abin da ake gani a layin Yamanote faifai ne a gefen ƙofofi, ba lulluɓi ba.

Ƙarfinsa yana cikin yawa. Da kuɗin lulluɓe jirgi ɗaya za ka iya shiga jirage da dama, kuma in ka koma lissafin nan na jirage 40, wanda tallarsa take a jirage ashirin yana haɗuwa da ma'aikacin nan kusan kullum. Ana liƙa shi cikin dare ba tare da an cire jirgi daga aiki na kwanaki ba, ledar murji mai araha ta isa in na wata ɗaya zuwa uku ne, kuma in farashi ya canza ko an gano kuskure a rubutu, sauyawa ba ta da zafi. Rauninsa a bayyane yake: daga ƙasan gada ba a karanta shi, yana zaune kusa da tallar wasu, shinge mai rabin tsayi yana ɓoye shi, kuma a lokacin cunkoso ƙafafun mutane da jakunkunansu suna tare shi. Bakinsa huɗu duk a fili suke ga burushin wanki, don haka ya fi saurin ɗagowa.

Ƙofofi kaɗai

Kowa a dandamali ƙofa yake kallo, wannan gaskiya ne, kuma da ita ake tallata wannan zaɓi. Amma kallon na 'yan daƙiƙu ne, tsakanin tsayawar jirgi da buɗewa. Hoton da aka raba biyu a ganyen ƙofa yana iya ba da sha'awa in an yi masa dabara. Kuɗinsa kaɗan ne, liƙawa da sauri, sai dai gogayya da robar bakin ƙofa da hannuwan mutane suna cin sa, kuma dokar bambancin launi da alamun gargaɗi suna rage wurin. Ina ganinsa a matsayin ƙari a kan sitikar gefe, ba abin da zai tsaya shi kaɗai ba. Kada ka sa lambar waya mai tsawo ko tambarin da ake haskawa da waya a nan, ko a ko'ina a jikin jirgi. Babu mai samun lokacin ɗauka, wanda ya gwada kuma ka jawo shi bakin dogo.

Fenti

Kafin a samu manyan injinan buga leda, da fenti ake yi, kuma har yanzu babu abin da ya kai shi jure wa wanki da rana. Amma sai an cire tarago daga aiki, an kankare, an fesa, an jira ya bushe, kuma in kwangila ta ƙare kai za ka biya a mayar da shi launin hukuma. Hoto mai launuka da yawa ba ya yiwuwa, sai launi biyu ko uku da tambari. Jirage masu jikin ƙarfen da ba ya tsatsa an ƙera su ne don kada a yi musu fenti sam, hukumominsu ba za su saurare ka ba. Ya dace da yarjejeniyar shekaru kawai.

Za ka iya jin ana maganar allon lantarki a jikin tarago. Tazarar da ke tsakanin jirgi da bangon rami ko bakin dandamali ƙarama ce, ga nauyi, ga wuta, ga girgiza, ga injin wanki, ga fargabar hasken ya rikita direban jirgin da ke tahowa. Allon lantarki wurinsa tasha ne da cikin tarago.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Cikakken lulluɓi | Mai yawa ƙwarai | Jiki ya daɗe, tagogi su riga lalacewa | Izini da yawa, jirgi zai tsaya a gareji | Ƙorafin fasinja, ƙin amincewar hukuma |
| Jiki ban da tagogi | Mai yawa | Shekara ko fiye da ledar zubi | Matsakaici | Zanen da tagogi da ƙofofi suka yanka |
| Sitika a gefe | Kaɗan ga kowane jirgi | 'Yan watanni | Mai sauƙi | Ɓoyewa bayan shinge da jama'a |
| Ƙofofi | Kaɗan | Gajere | Mai sauƙi | Ɓacewa in ƙofa ta buɗe |
| Fenti | Mafi yawa a farko da ƙarshe | Shekaru | Mafi wahala | Saƙon ya tsufa, ba halin sauyawa |

Haɗarin da ya shafi kowane zaɓi

Duba ko kayanka ma an yarda a tallata su. Hukumar sufurin Landan ta hana tallar abinci da abin sha masu yawan kitse, gishiri ko sukari tun Fabrairun 2019. Ta New York ta hana tallar siyasa a 2015, ta kuma taɓa hana ta barasa a Janairun 2018. In jirgin yana fitowa sarari, dokar birni ma tana iya shiga, ba ta hukumar jirgi kaɗai ba. Sao Paulo ta Barazil ta yi dokar da ta share tallar waje daga titunanta a 2006, kuma birane da yawa suna da nasu ƙa'idojin a kan abin da ake gani daga titi.

Sai masu fesa fenti a jikin jirage. New York ta fara yaƙi da su gadan-gadan a 1984, da ƙa'idar cewa taragon da aka wanke aka sake ɓata shi ba zai fita aiki ba sai an goge, kuma a Mayun 1989 aka cire jirgi na ƙarshe mai zane. Hukumomi da yawa suna bin irin wannan ƙa'ida. Ma'anarta gare ka ita ce in an ɓata tallarka, jirginka zai zauna a gareji, kuma maganin goge fentin yana iya cinye hoton in babu ledar kariya. Ko ba wannan, kowane jirgi yana da ranakun duba lafiyarsa, wani lokaci kuma a ajiye shi a matsayin na ko-ta-kwana. Saboda haka kwangila ta faɗi layin da zai bi, kwanaki nawa zai fita aiki, me za a ba ka in bai cika ba, wa zai biya gyara, kuma gefe biyu za a liƙa ko ɗaya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin a wata tashar dandamali yana dama, a wata yana hagu.

Wanne ya dace da wa

In sabon kaya kake fitarwa, kana son garin ya yi maganarsa cikin mako guda, kuma akwai layin gada ko gajeren layi mai jirage kaɗan, ɗauki lulluɓi. Ko a nan ma ka nemi a bar mafi yawan tagogi, ka zuba abin da ka rage a tashar da layin ya fi cika.

In sunanka sananne ne, so kake ya ci gaba da zama a idon mutane wata shida ko shekara, kamar banki, kamfanin waya ko na jirgin sama, lulluɓin jiki ban da tagogi da ledar zubi shi ne naka, a layin da ke bin babban titi ta sama.

In rangwame ne, ko buɗe rajista, ko wani taro mai rana, abin da kake buƙata maimaici ne ba girma ba. Sitika a jirage da yawa, ƙofofi a matsayin ƙari in kuɗi ya ragu.

In hukuma ce ko ƙungiya mai saƙon lafiya ko tsaro, wanda sai an karanta an fahimta, jikin jirgi zai ɗauki taken kawai. Bayanin ka kai shi cikin tarago, inda mutum zai zauna da shi minti goma ko ashirin.

In kai mai ɗaukar nauyin layi ne ko wani biki na shekaru, kuma launinka ba ya canzawa, tambayi farashin fenti ka kwatanta da na sake leda sau biyu a tsawon kwangilar.

In layin duk a rami yake kuma tashoshinsa suna da shinge har rufi, bar jikin jirgin. Gilashin shingen kansa ana sayar da shi a birane da yawa, yana tsaye wuri ɗaya, kuma mai jiran jirgi yana fuskantarsa na mintuna.

In kuma kasuwancinka unguwa ɗaya yake yi wa hidima, jirgin zai kwashi tallarka ya kai ta tashoshi ashirin da babu mai zuwa wurinka daga can. Sayi bango ko matakala a tashar da ta fi kusa da ƙofarka, da ta gabanta, da ta bayanta.